Hannun Auta Bai Kama Ba

Zuwa ga 'yata, likitar matattu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki da ba sa kuka ko an murɗa su. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, kunnena kuwa ya ƙara nisa, shi ya sa na ce a daina miƙo mini waya ina ta iye? iye? a gaban mutane. Gwaggonki ta ce rabin kurumtar da gangan ne. Ban musa mata ba.

Tun da aiki ya kai ki wancan gari ba ki leƙo mu ba. Na san ni kawun nesa ne, uwata da kakarki ne suka fito ciki ɗaya. Amma tun da ƙasa ta rufe idon iyayenku ni dai na rage muku, kuma ƙanwarki Auta a gidan ɗana Dogo take aure. Zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ta ƙi, ai biro bai ƙi ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biron. Auta ta zame a banɗaki, hannunta ya karye. Dogo ne ya kawo ta da kansa a mota, duk ya rikice. Na ja, na daidaita, na ɗaure da kara. Kin san ƙa'idata, wanda na ɗora ba ya barin gidana sai ƙashi ya kama, don haka tana nan a ɗakin jinya ita da 'yarta, gwaggonki na ta ɗura mata abinci. Kada hankalinki ya tashi. Na ɗora waɗanda suka fi wannan muni tun ba a haife ki ba.

Yanzu ki ba ni labari. An ce kuna tono mutanen da suka kwanta tun zamanin kunne ya girmi kaka kuna jera su a tebur. Ni maɗori ne, in na haɗa ƙashi mai shi yakan tashi ya yi mini godiya. Ke in kin haɗa naki, wa ke gode miki?

Kawunki mai ɗori.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin ganin rubutunka. Allah ya ba gwiwa sauƙi, a gaishe mini da Gwaggo. Ni lafiya lau. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki.

Ba mu muka tayar da su don ra'ayi ba, Kawu. Madatsar ruwa za a gina, ruwan kuma zai shanye wani kufai da tsohuwar makabartarsa. Aka kwashe su kafin ruwa ya iso. In mun gama dubawa za a mayar da su ƙasa a kan tudu.

Ɗakin aikina a ƙarƙashin ginin jami'a yake, ba taga. Akwai doguwar fitila mai ƙugi, da teburan ƙarfe, da kwalaye har rufi, kowane kwali mutum ɗaya. Nakan goge ƙasar da buroshin haƙori, in jera mutum daga ƙoƙon kai zuwa yatsun ƙafa, in duba ƙashin ƙugu in gane mace ce ko namiji, don na mace ya fi buɗewa. Daga nan sai in nemi rauni. Aikin da Farfesa ya ba ni ke nan: in ware raunukan maza da na mata in ga ko akwai bambanci.

Akwai. Na maza a gaba yake, goshi da fuska, yawanci ta hagu, inda hannun daman wanda ke fuskantarka zai sauka. Sara ne na ƙarfe mai kaifi, bakinsa tas, babu alamar warkewa. Ranar da aka yi shi ranar mutum ya tafi. Na mata ba kasafai ake ganin ƙarfe ba. 'Yar lotsawa ce a ƙeya ko a gefen kai, kamar an danna babban yatsa a ɗanyar tukunya, da karan hanci da ya karkace, da haƙarƙari, da sangalin hannu. Kusan duka sun warke. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba lokaci ɗaya suka warke ba. A jikin mace ɗaya sai ka ga wannan ya daɗe da shafewa, wancan ya kama rabi, na ukun ko fara kamawa bai yi ba.

Farfesa yana yawan ja mini kunne cewa ƙashi ba ya faɗin hannun wa. Saniya ma tana harbi, mutum yana faɗowa daga rumbu. Gaskiyarsa ce. Nakan rubuta abin da na gani in rufe kwali in jawo na gaba. A watannin farko nakan kasa cin abincin rana. Yanzu a kan teburin nake ci.

Na kira wayar Auta ya fi a ƙirga. Dogo ne yake ɗauka, ya ce wayar na wurinsa don kada ta wahalar da hannun. Don haka kai zan tambaya, kuma ka amsa mini a matsayin maɗori, ka ajiye kawu a gefe. Wane hannu ne? A cikin ƙasusuwa biyu na sangali wanne ne ya karye, na gefen babban yatsa ko na gefen ƙaramin yatsa? Kusa da wuyan hannu ko sama? Tafin hannunta ya kurje?

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya. An yi ruwa kwana biyun nan, rufin ɗakin jinya ya fara ɗiga, na sa kwano. Gwaggonki ta amsa gaisuwarki, ta ce cin abinci a kan teburin nan kada ki ƙara faɗa wa kowa in kina son miji.

Na karanta labarin mutanenki har sau biyu. Allah ya ji ƙansu ko su waye. Mazan naki ban yi mamakinsu ba. Har gobe namiji in ya zo mini yakan zo da 'yan rakiya, tun daga ƙofar gida ake ba ni labarin yadda aka yi, da wanda ya fara, da yadda ɗayan ya fi shi jin jiki. Mace kuwa takan zo da mutum ɗaya, shi ne kuma yake magana.

Kin ce in amsa a matsayin maɗori. To. Hannun hagu ne. Ƙashin gefen ƙaramin yatsa, shi kaɗai, ɗan'uwansa ko tsagewa bai yi ba. Faɗin yatsu huɗu sama da wuyan hannu. Karaya ɗaya ce a gicciye, ba ta farfashe ba. Tafin hannunta babu kurjewa, gwiwar hannu babu, gwiwar ƙafa babu.

Ubana da ya koya mini wannan sana'a ya ce maɗori ba ya tambayar yadda aka yi. Ranar da ka fara tambaya, ranar za a daina kawo maka su, su zauna a ɗaka hannu ya kama a karkace. An ce banɗaki, na ce Allah ya kiyaye gaba. Ni aikina daga fata zuwa ciki ne.

Auta tana gaishe ki. Tana cin abinci, yarinyar ta saba da kajin gwaggonki har ta raɗa musu suna.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan an gyara rufin. Lafiyata ƙalau.

Zan faɗi abin da na san ka sani. Wanda ya zame yakan tokare da tafin hannu, sai ƙashin gefen babban yatsa ya karye dab da wuyan hannu. Na gefen ƙaramin yatsa ba ya karyewa shi kaɗai a wurin da ka faɗa sai in an ɗaga hannu an kare fuska, abu ya sauka a kai. Hagu kuma, domin mai dukan da dama yake duka.

Akwai wata a kan teburina tun makon jiya. Ba ta kai shekara talatin ba, haƙoranta duka suna nan, ta taɓa haihuwa. Hannunta na hagu ya karye daidai inda ka auna mini da yatsunka, kuma an ɗora mata shi da kyau, Kawu, ya miƙe sumul, wanda ya yi ya san aikinsa. Bayan wannan akwai haƙarƙari uku da suka warke, sai muƙamuƙi. Sai na ƙeya, shi bai warke ba. Na auna shi, na ɗauki hotonsa, na rubuta lambar kwalin. Ban ji komai ba. Na fita na sayi ruwan sanyi na dawo.

Ba na cewa wanda ya ɗora mata hannu yana da laifi. Ina faɗa maka jerin yadda abin yake tafiya ne, don ni daga ƙarshe nake ganinsa, kai kuma daga farko.

Ban manta ba Auta ce ta ce shi take so, ni ma na yi rawa a bikin. Ban manta ba kai ka tsaya mana lokacin da ba mu da kowa. Duk da haka ina tambayarka, tun da ita ba a bar ni na ji muryarta ba. Dogo ne? Kuma wannan ne na farko da ka ɗora mata?

Ka yafe mini in na wuce gona da iri.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Sallama. Muna lafiya. Na san kin daɗe kina jiran amsa. Takardarki ta yi wata biyu a ƙarƙashin matashina, in na ɗauko in mayar.

Kin wuce gona da iri, tun da kin tambaya. Kina zaune a rami ke da matattu kina yanke wa ɗana hukunci a takarda. Ke da hannunki kika rubuto mini cewa malaminki ya ce ƙashi ba ya faɗin hannun wa, da kika zo kan gidana sai ƙashin ya buɗe baki? Yaron nan ni na haife shi. Ko kaza ba ya iya yankawa yana ƙarami, sai ya ɓuya a bayan uwarsa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da kika tambaya ba zan amsa ba, kuma kada ki ƙara tambayata.

Yanzu ga labarin jinya, ki karanta da kyau. Hannun Auta bai kama ba. Na kwance na duba na mayar da karan. Dogo yana zuwa duk ƙarshen mako da leda a hannu, ya ce Baba yaushe za ta koma, gida ya yi ƙura. Ina ce masa bai kama ba. Ya ce wata uku fa ke nan, na ce ni ne maɗorin ko kai? A yadda nake gani ba zai kama nan kusa ba, kuma muddin bai kama ba tana gidana, ƙa'ida ce, kowa a unguwar nan ya san ta.

Sai dai kara ba ya dawwama a hannun mutum. In kina da hutu ki zo ki gan ta da idonki, kada ki ja lokaci. Wai ma in tambaye ki, gidan da kike haya ɗaki nawa ne? Mutum nawa zai ɗauka?

Gwaggonki tana gaishe ki, ita ba ta san me kika rubuto ba.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Na karɓi faɗan, ba zan ƙara tambaya ba. Ina rubutu da sauri ne don in samu motar yau.

Maganar hannun ce ta tayar mini da hankali. Mace mai ƙuruciya, karaya ɗaya a gicciye, wata uku bai kama ba? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ina da irinsa biyu a kwalayena, bakin karayar ya yi santsi ya rufe kowane gefe da kansa, hannun ya zauna yana lilo har mutuwa. Ko jini ne ba ya kaiwa wurin, ko tsoka ta shiga tsakani, ko akwai wani ciwo a jikinta da ba a sani ba. Ba raina aikinka nake ba, amma yatsa ba ya ganin wannan, sai hoto.

Na san ba ka shiri da asibiti, kuma kafin takarda ta je ta dawo an ƙara wata. Don haka na danne zuciyata na kira Dogo. Na gaishe shi da ladabi, ban taɓo wata magana ba. Na ce masa ya ɗauke ta ya kai ta a yi hoton ƙashi cikin makon nan, in an yi sakaci tana iya rasa amfanin hannun. Ya saurare ni sosai. Ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa, ya yi mini godiya har sau biyu. Don Allah kada ka hana.

Hutu ba zai samu ba sai mun miƙa rahoto, Farfesa ya ce ko mutuwa aka yi sai dai a aika da ta'aziyya. Gidana ciki da falo ne. In likitan kunne kake son gani a nan, akwai wuri, ni sai in kwana a falo.

Ka sanar da ni abin da hoton ya nuna.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Muna nan. Gwiwar ta kumbura, ba na zuwa ko'ina sai masallaci.

Dogo ya riga takardarki isowa. Ya zo da safe da mota, ya ce Yayar Auta ta ce a yi hoto, kuma ita ce mai ilimin ƙashi. A gaban maƙwabta ya faɗa. Na sa hula na bi su.

Hannun ya kama, 'yata. Ya kama tun kafin in rubuto miki waccan takardar. Auta ta sani. Kullum da hantsi gwaggonki takan tura ƙofar ɗakin jinya, in kwance karan, Auta ta motsa yatsu ta juya hannu don kada ya sandare, sannan in mayar. Ita take riƙe mini bakin ƙyallen. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ban taɓa ce mata komai ba. Wata rana dai ina ɗaurewa ta ce, “Kawu, ka ƙara tamkewa, jiya ya kusa zamewa a gabansa.”

A asibiti muka zauna a dogon benci har aka kira mu. Likitan yaro ne mai fara'a. Ya ɗaga hoton a fitila ya ce, “Wa ya yi wannan ɗorin?” Aka nuna ni. Ya miƙo mini hannu ya ce, “Baba, ko mu sai haka. Ai wannan ya daɗe da warkewa, a cire karan nan tun bai ɓata mata hannu ba.” Nan take wata ma'aikaciya ta sa almakashi. Dogo ya dube ni, ya dubi Auta. Shekarata hamsin ina wannan aiki ba a taɓa yabona na ji kamar an zage ni ba sai ranar.

Da muka fito bai bi hanyar gidana ba. Ya sauke ni a mararraba, ya ce Baba ka ƙarasa a hankali. Da yamma ya aiko aka ɗauki yarinyar. Zannuwan Auta suna nan a kan igiya, gwaggonki ta ƙi kwashewa.

Ba likitan kunne nake nema ba. Ɗakin da na tambaya na Auta ne da 'yarta. So na yi ki zo ki tafi da ita da sunan za a duba hannun a babban gari, daga can sai a san abin yi. Ban ce laifinki ba ne. Na ba ki labarin ƙashi kin amsa mini da maganin ƙashi, abin da kika iya ke nan. Ni ne na kasa rubutawa a fili. Na gwada, biron ya ƙi sa sunan ɗana kusa da wannan magana.

Tambayarki ta biyu da na ce ba zan amsa ba. A'a, ba shi ne na farko ba. Bara yatsu biyu ne, aka ce murfin tukunya.

Na je gidansu sau ɗaya. Ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni, yana zaune. Lafiya lau, in ji ta.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sassauta gwiwar.

A tsaye na karanta takardarka a bakin ƙofar ɗakin aiki. Na ninke ta na sa a aljihu, na koma na ƙarasa auna ƙashin cinyar da na fara. Awon ya fita daidai. Ina ta jiran kuka ya zo, har yau bai zo ba. Garin neman gira na rasa ido, na sani, amma sanin a kaina ya tsaya, bai sauko ƙirji ba.

Na kira wayar. Yanzu ko shi ba ya ɗauka.

Mun miƙa rahoton. A wurin mata na rubuta cewa raunukan sun fi kama da na cikin gida. Farfesa ya ja layi a kai ya ce ba mu da shaida, muka mayar da shi “raunukan kare kai waɗanda ba a san musabbabinsu ba.” Na maza bai taɓa ba, an bar shi yaƙi. Na sa hannu. An fara kwashe kwalayen zuwa tudu, ta kan teburina tana cikin motar farko.

An ce hutuna sai wata mai zuwa. In na zo ban san ta inda zan shiga gidan ba, amma zan zo. Na sayi katifa na jingine a falo, da ƙaramin bokiti na yarinya. In ka samu ganin Auta ita kaɗai, ko a bakin famfo ne, ka gaya mata akwai wuri, kuma ba sai ta yi wa kowa bayani ba, har ni.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Sallama. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, direban motar safe yana jira, shi zai kawo miki wannan hannu da hannu.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zaure Dogo ya shigo shi kaɗai, hannunsa na dama a naɗe da tawul. Ya zauna a tabarmar majinyata ya ce Baba ƙofar mota ce. Na buɗe tawul ɗin. Bayan hannun ya kumbura, ƙullin ƙaramin yatsa ya nutse ciki. Wannan karayar maza ne suke kawo mini ita, bayan faɗa a tasha ko a filin ƙwallo. Dunƙulallen hannu ne yake yin ta in ya sauka a kan abin da ya fi shi tauri. Ƙofar mota ba ta yin ta.

Na mayar da tawul ɗin. Na ce wa gwaggonki ta ba shi ruwa, na sa takalmi na fita na tari ɗan acaɓa zuwa gidansu.

Ƙofar gidan a buɗe take. Talabijin na ta ihu a falo, yarinyar na zaune a gabansa kamar an dasa ta, ko waiwayowa ba ta yi ba. A kicin famfo na zuba. Auta na zaune a ƙasa ta jingina da firji tana jan numfashi kaɗan-kaɗan. A jikin ƙofar kicin akwai lotsawa daidai tsayin kanta, nan hannunsa ya sauka da ta sunkuya. Naushe-naushen da suka riga wannan ba a ƙofa suka sauka ba.

Na rufe famfon na durƙusa. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta yi magana. Ta ce, “Kawu, ka kai ni wurin Yaya.” Saƙonki ban ma samu na isar mata ba.

Na kai ta wani asibiti daban da kaina, aka yi hoto. Haƙarƙari biyu ne na gefen hagu, huhu bai taɓu ba. Sun ce ta huta kwana biyu kafin ta hau mota. Tana gidan wata da na taɓa ɗora wa ƙafa, can bayan kasuwa, ita da yarinyar. Babu wanda ya san wurin sai ni.

Sai bayan la'asar na koma gida. Dogo yana nan a kan tabarmar inda na bar shi, hannun ya yi suntum, gwaggonki na tsaye a bakin ƙofa ta kasa shiga ta kasa fita. Na wanke hannuna na zauna na ɗora masa. Ɗana ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce Baba ina take? Na ce riƙe numfashinka, zan ja. Na ja. Ya yi ƙara, ban ji tausayinsa ba, ban kuma ji haushinsa ba, ƙashi kawai na ji ya koma wurinsa. Yana ɗakin jinya yanzu, kuma zai zauna har ya kama. Wannan karon ba sai na yi wa kowa ƙarya ba.

Abin da zai biyo baya na manya ne, za a zo a yi ta magana, za a ce a yi haƙuri. Ki bar mini wannan. In sun tambaye ni zan faɗi wane ƙashi ne da inda ya karye, kamar yadda na faɗa miki.

Gobe zan sa su a motar safe, takan iso wurinku da yamma. Ki je tasha da wuri. Ba ta da kaya sai yarinyar da ledar magani. Ki nemi mota mai taushi zuwa gida, ki ce wa direban ya bi ramuka a hankali. In ta sauko, kada ki rungume ta ta gefen hagu.

Kawunki.